Abin da ya sa muke kwance ƙullin saƙo kafin mu saka a jaka

Yaya, ka tambaye ni me ya sa mutanenmu na Ingila in sun zo gida sai an kwance musu saƙo sun gani da idonsu, wasu ma ba sa karɓar busasshen ganye ko da zogale ne. Ka ce ana ta surutu wai zaman Turai ya sa mana girman kai. Wallahi ba haka ba ne. Tushen maganar wani ganye ne da ko a gonarmu ba ya fita.

Larabawan Yaman suna ce masa ƙat, a Kenya kuma mira. Ana noma shi a tsaunukan Meru na Kenya, da yankin Harar na Habasha, da Yaman. Ɗanyen toho ake tsinka a tauna, a tara shi a kumatu na tsawon sa'o'i, ana kurɓar shayi ko lemo saboda ɗacinsa. Yana kore barci, ya kashe yunwa, ya buɗe baki da hira. Ba ya jure ajiya: bayan kamar kwana biyu da yanka ƙarfinsa ya ragu sosai. Shi ya sa ake naɗe shi cikin ganyen ayaba a loda a jirgi. A da yana sauka a filin jirgin Hitiro sau da yawa a mako, a kai shi Sawutol da ke yammacin Landan, daga nan motoci su watsu da shi garuruwa kafin dare. A lokacin sama da tan 2,500 ke shigowa a shekara, gwamnati na karɓar harajinta, ƙulli ɗaya bai wuce fam uku zuwa huɗu ba.

Mu ba ma taunawa, amma muna zaune da masu taunawa. Sahu ɗaya muke da Somalawa da mutanen Yaman a masallaci, a shagunansu muke sayen naman halal, 'ya'yanmu ajinsu ɗaya. Na ga ɗakunan da ake zaman taunar: katifu jere a ƙasa, labule a sauke, maza sun jingina da matashi tun bayan azahar, ganye zube a kan leda a gaban kowa. A ƙasarsu mutum yakan tauna ne bayan ya gama aikin yini. A nan kuwa wanda bai samu aiki ba sai ya mayar da wurin gida, ya kwana yana tauna, ya wuni yana barci. Matan Somalawa da dama sun daɗe suna kuka a kan haka, kuma ni ina ganin kukansu na gaskiya ne, domin na san gidajen da uwa ce kaɗai ke riƙe da yara alhali uban yana raye yana gari.

A watan Janairun 2013 kwamitin masana da ke ba gwamnati shawara kan ƙwayoyi ya ce babu isasshiyar hujjar haramta shi. Ministar cikin gida ta lokacin, Theresa May, ba ta bi shawarar ba. Hujjarta ita ce Amurka da Kanada da yawancin ƙasashen Turai sun riga sun hana, Holan ma ta bi sahu, saura Birtaniya ta zama mashigar masu fasa-ƙwauri. Ranar 24 ga Yunin 2014 dokar ta fara aiki. Wanda aka kama da na taunawarsa, karon farko gargaɗi ne, na biyu tarar fam 60, na uku kamu. Mai shigo da shi ko sayarwa kuwa zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara 14. Manoman Meru sun ji jiki ƙwarai, kuma ina tausayinsu, don ba su suka hana matasan Landan aiki ba.

To ga inda abin ya shafe mu. Da ɗanye ya yi wuyar shigowa, sai masu safara suka koma busasshe, suna rubuta ganyen shayi ko zogale a jikin kwali. Har ta Najeriya ake bi da shi. Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta sha kama shi a filin jirgin Legas. In ya bushe aka ɗaure a leda, mutumin da bai san shi ba ba zai bambance shi da ganyen miya ba. Jami'in kwastan a nan tambayarsa ɗaya ce: kai ka haɗa jakarka? Ka ce e, to duk abin da ke ciki naka ne. Ba ruwansa da cewa maƙwabcin surukinka ne ya ba ka. Kuma wanda bai samu takardar zama ɗan ƙasa ba, irin wannan laifi na iya jawo a kore shi, ya bar mata da yara.

Don haka muka ɗora wa kanmu ƙa'ida, dattawanmu na maimaita ta a duk taron suna: saƙon da ba ka san mai shi ba kada ka ɗauka, wanda ka sani kuma a buɗe a gabanka. Kuka da kuɓewa da daddawa da yaji muna kawowa, amma mu muke zuwa kasuwa mu saya, mu ɗaure da hannunmu. Kilishi da man shanu ma mun haƙura, domin doka ta hana shigo da nama da kayan madara daga ƙasashenmu.

Ka kuma tambaya ko an hana goro. Ba a hana ba, ana sayar da shi a shagunan 'yan Afirka a unguwar Fekam da ke Landan, da shi muke ɗaurin aure da raɗin suna kamar a gida, sai dai tsada. Ka gaya wa Inna zogalen da take son aiko wa jikokinta zan ɗauka in na zo da Sallah, in sha Allah, amma ta bari in iso tukuna mu shanya shi tare.