Sha biyun nan ba taki ba ce

Tambaya: Malam, barka da aiki. An ba mu lissafi: fili mai kusurwa huɗu, tsawonsa ya fi faɗinsa da mita 5, kewayensa kuma mita 38. Na kira faɗin x, na kai har 4x + 10 = 38. Sai na tsallakar da 10 zuwa ɗaya gefen, na sami 4x = 48, wato x = 12. A bayan littafi an rubuta 7 da 12. Tunda 12 ta fito, ashe ba rabin makin nawa ba ne?

Amsa: Barka kadai, 'yata. Sai dai ki yi haƙuri, wannan 12 katari kawai aka yi. Ke kika ce x faɗi ne, 12 ta littafi kuwa tsawo ce. Da faɗin 12 ne, da tsawon ya zama 17, kewayen ya tashi 58. Ina 38 take?

Amma farkon aikinki ya yi kyau, kuma nan ne mafi wuya. Faɗi biyu, 2x. Tsawo biyu, 2(x + 5). Ɗalibai da yawa kan ninka x su manta da 5, su rubuta 2x + 5. Ke kin kai 4x + 10 lafiya lau.

Inda kika zame shi ne tsallakarwar. Ni ban cika son a koya wa yara hakan ba, don lamba ba ta tsallaka ko'ina. Alamar daidai sikeli ce: abin da ke hagu nauyinsa ɗaya da na dama. Kina so 4x ta rage ita kaɗai, to ɗebe 10 daga hagu. Kin taɓa gefe ɗaya, dole ki ɗebe 10 daga dama ma, in ba haka ba sikelin ya karkata. 38 a ɗebe 10, saura 28. Abin da ake cewa "alama ta canja" ke nan, ba wata dokar da za a haddace ba ce. Ke kuwa kin ɗebe a hagu, kin ƙara a dama.

Haka rabawa take. 4x = 28, raba kowane gefe gida 4, x = 7. Tsawo 7 + 5, wato 12.

Wannan dabara ta daɗe. Masanin lissafi Al-Khawarizmi ya yi bayaninta a Bagadaza wajen shekara ta 820, kuma da zance zalla ya rubuta, ba x ba alamomi. Ki gwada irin nasa: kafin ki rubuta kowane layi, ki faɗa da baki abin da kika yi wa gefe biyun.

Kafin ki buɗe bayan littafi kuma, mayar da amsarki cikin tambayar: 7 + 12 + 7 + 12 = 38. Ga wani ki gwada: tsawo ya fi faɗi da 3, kewaye 26.