Naman layya, kitse da kwanon surukarki

Ɗiyata, saƙonki ya iso. Kin ce likita ya auna jinin maigidanki ya tarar kolestarol, wato wani irin kitse da ke cikin jini, ya hau, ya ce ya rage jan nama da kitse. Ga Babbar Sallah ta ƙarato, ga Hajiyarsa can Daura ba ta taɓa fasa aiko masa da tozo da kwanon soye ba, kina tsoron a ce amarya ta zo ta raba ɗa da abincin gidansu. Kina tambaya, al'ada za ki bi ko likita?

To, fara sanin yadda al'adar take. Mu da muka tashi cikin birnin Katsina ba mu san nama kullum ba, ko a gidajen masu rufin asiri. Tuwon gero ne ko na dawa da miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa, a sa daddawa, in da hali a ɗiga man shanu. Tsoka ɗaya ko biyu a kwanon maigida, yara su lashi romo. Ƙoshi da nama sai ranar suna, ranar biki, in an yi watanda a unguwa, sai kuma layya. Mai jego ce ake jera wa nama, ita ma da dalili, ta zubar da jini kuma tana shayarwa. Wanda ya ci tozo yau, gobe yana gona da fartanya, ko ya taka daga Ƙofar Ƙaura zuwa kasuwa ya dawo. Maigidanki kuwa daga mota sai kujerar ofis, da dare a biya wurin mai tsire. Kakansa bai san wannan zaman ba.

Ita kanta suyar kitse ba don kwaɗayi aka faro ta ba, rashin firji ne. A yanka, a feɗe, a rataye ragon ya sha iska, kayan ciki a gama da su a ranar. Kashegari a narka kitsen a babbar tukunya, a soya naman har ya bushe ƙayau, a danna shi cikin kwalla, man ya daskare a kansa ya raba shi da iska. Iyayenmu mata sukan kulle kwallar nan a ɗaki, a riƙa tsakuro biyu uku ana jefawa a miya, har a kai wata da watanni. Yanzu sai a girke roba a tsakar falo, kowa ya gifta ya ɗiba, kafin mako ta ƙare.

Ga abin da na sani daga aikin jinya. Kitsen da ke daskarewa in ya huce, na rago, na sa, har da man shanu, shi ke ɗaga mugun kolestarol da likitoci ke kira LDL. Yana taruwa a jikin jijiyoyin jini shekara da shekaru, ba zafi ba ciwo, har hanya ta ƙuntata. In ta toshe a zuciya ciwon zuciya ne farat ɗaya, in a ƙwaƙwalwa sai shanyewar ɓarin jiki, abin da mutanenmu suka daɗe suna ɗora wa iska. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada irin wannan kitse ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da abincin yini ke ba jiki, gishiri kuma ƙasa da giram 5 a rana, kimanin ƙaramin cokali. A 2015 cibiyarta ta binciken ciwon daji da ke Faransa ta sa naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi cikin abubuwan da ke jawo ciwon dajin hanji, jan nama kuma ta ce mai yiwuwa ne. Saboda haka ƙullin kilishin da yake ajiyewa a mota, a sa masa ido. Masana suna cewa dafaffen jan nama kada ya wuce rabin kilo a mako.

Kada ki gudu daga kitse ki faɗa manja, kusan rabinsa irin wancan ne. Man gyaɗa ya fi, shi ma kaɗan. Ki yanke farin kitsen kafin girki, in kin yi farfesu ki bari ya huce ki kwashe man da ya kwanta a sama, gashi kuma kada ya ƙone ya yi baƙi. Sauran kwanaki wake, kifi, kwaɗon zogale da rama.

Layya kam ku yi abinku. Dama malamai sun so a ci, a yi kyauta, a yi sadaka, to ku bar mafi yawa ya fita gidan da bai yanka ba.

Batun Hajiya shi ne mai wuya, kuma a nan nake so ki yi hankali. Kwanon suruka ba a mayar da shi, ba a kuma yi mata wa'azin asibiti. Ki karɓa hannu bibbiyu, ki yi godiya, ki sa tukwici, ya ɗanɗana, sauran ki raba wa yara da maƙwabta. Maganar gwajin jini kuwa daga bakin ɗanta za ta fito, ba naki ba. In ya zauna ya ce mata, "Hajiya, likita ya ce kitse na neman taɓa mani zuciya," wallahi sai ta fi ki tsanani, ƙila ma baɗi zabi za ta aiko.

In an ba shi magani ya riƙa sha, kada ya bari don ya ji garau, kuma ya koma a sake auna shi lokacin da likita ya sa masa. Ki gaishe mani da shi.