Ɗalibin da yake roƙo kamar mai ba da umarni

Tambaya: Malam, ɗalibaina sun iya nahawun Turanci, amma in sun zo roƙo sai ka ji "Give me the book". Rashin tarbiyya ne?

Ƙanena, ba rashin tarbiyya ba ne. Yaron da ba ya jin Turanci sai a aji, bakinka yake kwaikwayo, kai kuwa tun safe "Sit down" da "Open your books" kake faɗa masa. Ban da haka, a harshensa na gida wataƙila gaisuwa da kiran mutum da sunan girma su ne ladabi. Turanci kuwa ginin jimlar yake lanƙwasawa, ya mai da umarni tambaya.

Masana harshe Brown da Levinson, a 1987, sun kawo abu uku da mai roƙo yake aunawa: matsayin wanda zai roƙa, sabon da ke tsakaninsu, da nauyin buƙatar. Na ukun ne malamai suka fi mantawa. Aron biro a wurin aboki, "Can I borrow your pen?" ya wadatar. Neman ƙarin lokaci a wurin shugaban makaranta kuwa sai "I was wondering if I could have two more days", a biyo da dalili. Nuna musu cewa "was" da "could" a nan ba labarin jiya suke ba, sassauta roƙon suke yi.

A aji ka haɗa su bibbiyu na minti 10. Buƙata ɗaya, a roƙe ta wurin aboki, da malami, da baƙo. Sannan ka bar mutumin yadda yake, ka ƙara wa buƙatar nauyi: daga biro zuwa kwamfuta.

Kada ka bari su ɗauka "please" ta gama komai. In aka liƙa ta a kan umarni da kakkausar murya, umarni ne dai. Doguwar jimlar ladabi ga aboki kuma tana nuna ja da baya. Gyara kuwa, ka bari yaro ya kai aya. In ka katse shi gaban 'yan'uwansa, kunya za ta rufe masa baki.

Binciken masana koyon harshe Bardovi-Harlig da Dörnyei na 1998 ya nuna masu koyon Turanci a ƙasar da ba a magana da shi sun fi ganin girman kuskuren nahawu a kan na rashin dacewar magana, masu koyo a Amurka kuwa akasin haka. Don haka ka ware wa dacewar magana maki nata a jarrabawa, domin abin da ake ba wa maki shi ɗalibi yake kula da shi.