Yawon Sallah: ƙaramin wurin wasa a Katsina ko babba a Abuja?

Malam, ka ce uwargida na son ƙaramin wurin wasan yara nan cikin Katsina, manyan yaranka kuma sun nace sai Magicland ta Abuja. Shekarun yaran ne za su raba gardamar.

Ɗan ƙasa da shekara 6, lilo da doki mai juyawa sun ishe shi. A manyan wurare ana auna tsawon yaro kafin a bar shi ya hau manyan injuna, sai ka sha doguwar tafiya ƙaramin ya ƙare da kallo. Tambayi kuma ko kuɗin ƙofa ya haɗa da na hawa, don sau da yawa daban ne.

Ƙaramin wuri ma sai da lura. Ku je bayan La'asar, domin da rana ƙarfen sulu na ƙona fata. Gidan tsalle na iska, duba an ɗaure shi da turaku. Janaretan da ke ba shi iska na mutuwa, gidan zai lotse kan yara, a fito da su nan take. Kada su cika ciki kafin hawa mai juyawa, amai ne zai biyo baya.

Mai juna biyu, mai farfaɗiya ko ciwon zuciya, a tuntuɓi likita tukuna.