Muryar Kawu a guruf: "Wai mutanen Ingila Katolika ne?"

Assalamu alaikum 'yan gida. Ɗana, na saurari tambayarka, wai mutanen Ingila Katolika ne ko wace ɗarika suke bi, tunda can za ka karatu. Na kuma ji amsar yayanka, cewa wani sarki ne ya so sakin matarsa aka hana shi, sai ya buɗe cocinsa. To wannan amsar ce ta hana ni yin shiru. Tun ina koyarwa nake jin ta, har a bakin malaman tarihi, kuma kullum sai ta ɓata min rai. Akwai gaskiya a ciki, amma an ɗauko zance ne daga tsakiya.

Kiristanci ya riga sarkin nan shiga tsibirin da shekara sama da dubu. Tun zamanin Rumawa yake, don a 314 akwai bishop-bishop daga Birtaniya a wani taro da aka yi a Arles, cikin Faransa ta yau. Da Rumawa suka tattara nasu ya nasu wajen 410, sai Anglo-Sakson suka shigo da gumakansu, addinin ya ja baya ya koma yamma. Daga baya ya dawo ta ƙofa biyu. Ta arewa, Kolumba ya taso daga Ailan ya kafa gidan sufaye a tsibirin Iona a 563. Ta kudu kuma Fafaroma Giregori ya aiko Agustin a 597, ya sauka Kent. Matar sarkin wurin dama Kirista ce, sai aka ba shi mazauni a Kantabari. Shi ya sa har gobe kujerar babban limamin cocin Ingila take Kantabari, ba Landan ba. Na arewa da na kudu suka yi ta jayayya kan ranar Ista, sai a 664 aka zauna a Witbi aka bi lissafin Rum. Daga nan, shekara kusan 870, kowa a bayan Fafaroma yake.

Yanzu mu zo kan Henri na takwas ɗin naku. Mutumin nan fa da kansa ya rubuta littafi yana ƙaryata Martin Luta, malamin Jamus ɗin da ya yi wa Fafaroma bore har aka samu ɗarikun Furotestan, har Fafaroma ya ji daɗi ya naɗa shi Mai Kare Addini a 1521. Ɗana, in ka sauka aka ba ka canji, ka ɗauki silen fam ɗaya, ka juya gefen da kan sarki yake, ka bi rubutun bakin-bakin nan. Za ka ga F da D. Ita ce sarautar nan ta Mai Kare Addini, a taƙaice da Latin. Sun rabu da mai naɗin, amma rawanin bai bar kansu ba. Ni wannan abu yana ba ni dariya har yau. Kuma ba saki ya nema ba. Cewa ya yi auren bai ɗauru ba tun farko, don matar tasa Katarina a da matar wansa ce da ya rasu, ga shi mace ɗaya ce ta rayu cikin 'ya'yansu, shi kuwa magaji namiji yake so. Fafaroma kuma ba yadda zai yi, sojojin Sarki Cals na biyar, mai mulkin Sifen da Jamus, sun wawashe Rum a 1527, Katarina kuwa ƙanwar mahaifiyar Cals ce. Wa zai taɓa ta? Sai a 1534 majalisa ta yi doka cewa sarki ne shugaban coci a Ingila. Ya rufe gidajen sufaye, ya kwashe filayensu, wanda ya ƙi yarda kamar Tomas Mor aka fille masa kai.

Amma ibada ba ta wani sauya ba a zamaninsa, nan ne yayanka ya yi tsalle. Sai da ɗansa Edwad ya hau, Akbishop Kiranma ya fito da littafin addu'a da Ingilishi a 1549 maimakon Latin. Yaron bai daɗe ba, Maryamu 'yar Katarina ta hau ta mai da ƙasa Katolika, aka ƙone Furotestan kusan 300, har da Kiranma ɗin a Okusfod a 1556. Elizabet ce a 1559 ta tsaya tsakiya: ba Fafaroma, amma akwai bishop da manyan riguna. Wannan ita ce Angilikan.

Af, tsaya tukuna. Ka daina cewa Ingila in kana nufin ƙasar duka, wani wurin sai a harare ka. Sikotlan nasu daban ne. Can Jon Noks ne ya ja su a 1560, tafarkin Kalbin, wani jagoran Furotestan, ba ruwansu da bishop, dattawan ikilisiya ne ke riƙe da coci, su ne Firesbiteriyan. Da Cals na ɗaya, sarkin Ingila da Sikotlan, ya so ɗora musu littafin addu'a irin na Ingila a 1637, tarzoma ta tashi a Edinbara, rikici ya yi ta ruruwa har yaƙin basasa, a 1649 aka sare kansa. Sarkin yanzu ma, in yana Ingila shi ne shugaban coci, in ya je hutu Balmoral, gidansa na Sikotlan, sai ya shiga cocin Sikotlan ya zauna kamar kowa.

Sauran kuma suna da yawa: Baftis, Kwekas, sai Metodis na Jon Wesli, wanda ya yi ta yawo bisa doki yana wa'azi a fili ga masu haƙar kwal. Su Katolika an danne su ƙwarai, sai 1829 aka bar su shiga majalisa, kuma dokar 1701 da ta hana ɗan Katolika hawa gadon sarauta tana nan daram. Na Ailan ta Arewa kuwa... a'a, bar wannan, sai mu kwana a nan.

Mu ma ai reshen ya iso mana. 'Yan mishan na CMS, ƙungiyar mishan ta cocin Ingila, da suka zauna Wusasa, su Dokta Mila, Angilikan ne, daga can suka zo.

Abin da kake son sani dai, na gane, shi ne wa za ka tarar. A ƙidayar 2021 a Ingila da Wels, kashi 46 cikin 100 ne suka ce su Kirista ne, daga 59 a 2011. Kashi 37 suka ce ba su da addini, Musulmi kashi 6.5. Duk da haka bishop 26 na da kujera a majalisar dattawansu. Za ka ga tsohon coci na dutse an mai da shi gidan haya ko wurin cin abinci, ka kuma ga wani zaure a kudancin Landan ya cika maƙil ranar Lahadi da 'yan Najeriya da Gana, ganga na tashi. Kuma kada ka tare Bature ka tambaye shi ɗarikarsa, ba sa so. Maganar masauki kuma ka kira ni bayan isha'i.