Kafin a ce a kwaso kayan jiragen da suka nutse

Malam, ka tambaya me ya hana a koya wa matasan bakin teku nutso, su riƙa kwaso kayan tsofaffin jirage ana kaiwa gidan tarihi. Na yi aikin sa-kai tare da masu binciken kayan tarihi a ƙarƙashin ruwa, kuma gaskiya nutson shi ne mai sauƙi. Wahala tana somawa ne ranar da abu ya fito daga ruwa.

Katakon da ya yi ɗaruruwan shekaru a teku, ruwan ne ke riƙe da shi; da ya bushe sai ya tsuke ya tsattsage. Ƙarfe kuwa ya riga ya sha gishiri, yana haɗuwa da iska tsatsa ta cinye shi daga ciki. Jirgin Vasa na Suwidin ya nutse a 1628, aka ɗago shi a 1961, sai da aka shekara 17 ana fesa masa sinadari don kada ya lalace. Ƙasa nawa ce za ta iya wannan ɗawainiya? Shi ya sa yarjejeniyar 2001 ta UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ta shafi abin da ya kai shekara 100 a ƙarƙashin ruwa, ta ce a fara duba yiwuwar barin sa inda yake, ta kuma hana kasuwanci da shi.

A horon da aka ba mu, ba a yarda ka taɓa komai ba. Awo, zane a allon da ruwa ba ya gogewa, hoto, shi ke nan. Inda abu yake kwance, da abin da ke kusa da shi, nan labarin yake. Dubi São José, jirgin bayin da ya nutse kusa da Cape Town a 1794 ɗauke da mutanen Mozambik: sandunan ƙarfen da ke daidaita nauyinsa, da aka gwada da tsofaffin takardun Fotugal, su suka taimaka aka gane shi. Da ɗan gwangwan ya riga zuwa, da maganar ta ƙare.

Horar da 'yan gida dole ne, ban musa ba. Jami'ar Iskandariyya a Masar tana da cibiyar wannan fanni. Amma a haɗa da masu adana kaya da jami'an tsaron gaɓa. Masunta kuma a fara da su, domin sun san duk inda komarsu ke maƙalewa tun kafin na'ura ta nuna.