Amsa ga ƙanenmu na Gusau mai shirin IELTS, jarrabawar gwajin ƙwarewa a Turanci

Ka ce kana neman gurbin digiri na biyu a Ingila, ka sayi littafin manyan kalmomin Turanci kana haddace hamsin kullum. Ajiye littafin nan tukuna, ƙanena.

A ɓangaren rubutu, zaɓin kalmomi kashi ɗaya ne cikin huɗu na maki, kuma abin da mai duba takarda yake bi shi ne ko kalmar ta zauna daidai inda aka sa ta. Kalmomin Turanci suna da abokan tafiya. Ruwan sama mai ƙarfi "heavy rain" ne, in ka ce "strong rain" an gane ka, amma an san baƙo ne. Ana cewa "conduct research", ba a cewa "make research". Mai haddar ma'ana zalla yakan jefa "ameliorate" inda "improve" ta wadatar, jimla ta karkace, maki ya zube.

Fara da Academic Word List, jerin kalmomin karatun jami'a wanda Averil Coxhead ta fitar a 2000. Iyalan kalmomi 570 ne, an kasa su rukuni goma, na farko su suka fi yawo a littattafan jami'a. Takwas a rana sun ishe ka. Kowace ka buɗe ta a Cambridge Dictionary, ka saurari furucinta, ka lura da gaɓar da ake dannawa, domin tana sauya wuri tsakanin "analyse", "analysis" da "analytical". Ka rubuta ƴar kalmar da ke bin ta: "depend on", "consist of". Ita kuwa "discuss" ba ta ɗaukar "about", ko da ka ji manyan malamai suna faɗa. Sannan ka gina jimlarka a kan abin da ka sani, misali noman rani a madatsar Bakolori. Jimlar ƙamus ba ta zama a ka kamar wadda ka yi da kanka.

Zuba su a manhajar Anki. Tana dawo maka da kalma lokacin da ka kusa manta ta, kuma tana aiki ko babu intanet. Bita ta minti ashirin kullum bayan Asuba ta fi zaman awa uku ranar Lahadi.

Akwai kuma Turancinmu na gida. A Najeriya "severally" na nufin sau da yawa, a Ingila kuwa ma'anarta kowa daban, kuma lauyoyi suka fi amfani da ita. In ka rubuta wa malaminka "I will revert" da nufin za ka ba shi amsa daga baya, zai iya ɗauka kana nufin komawa halinka na da.

Duk mako ka rubuta muƙala mai kalmomi 250 cikin minti 40, da agogo a gabanka, ka sa biyar daga kalmomin makon. Kafin ka biya kuɗin jarrabawa, duba sharaɗin jami'ar: da yawa suna neman maki 6.5 a IELTS, wasu suna karɓar sakamakon WAEC. Sakamakon IELTS shekara biyu yake aiki, kada ka zauna jarrabawar tun ba ka shirya neman gurbi ba.